Ranar da Ruwa Ya Daskare: Hunturu da Kirsimeti a Siraran Jiragen Ingila

Duk wanda ya saba leƙa shafukan mutanen Ingila a watan Disamba, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani hoto da suke ji da shi ba. Siririn jirgin ruwa ne mai fenti kore da ja, ɗaure a gaɓa, dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufinsa, hayaƙi na tashi daga ɗan gajeren bututu, an kewaye tagoginsa da ƙananan fitilun Kirsimeti. Da wannan hoto ake sayar da kalanda da katin gaisuwa, da shi kuma kamfanonin yawon buɗe ido ke jan hankalin masu neman wurin hutu. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wurin iyalan da suka rayu cikin irin waɗannan jirage fiye da shekara ɗari, daskararren ruwa da jirgin da ya tsaya cik alama ce ta yankewar abinci, Kirsimeti kuwa ƙofa ce ta shiga watanni biyun da suka fi kowanne tsanani a shekara.

Kafin a gane dalili, sai an san abin da ya sa aka haƙa hanyoyin ruwan tun da fari. Amsar ita ce kwal. A tsakiyar ƙarni na 18 wani basarake mai suna Francis Egerton, wanda ke riƙe da sarautar Bridgewater, yana da ramukan haƙar kwal a Worsley, 'yar tafiya kaɗan daga Manchester, amma kai kwal ɗin birni a bayan dawakai da amalanke kan cinye ribar. Sai ya sa aka haƙa masa kogi na hannu, wanda Turawa ke kira kanal, da taimakon injiniya James Brindley. An buɗe shi a 1761, ba a jima ba farashin kwal a Manchester ya faɗi da kusan rabi. Lissafin a fili yake: dokin da zai wahala da tan ɗaya ko biyu a kan turba mai laka, shi ne zai ja tan 25 zuwa 30 idan kayan na kan ruwa. Ganin haka masu kuɗi suka yi ca a kan harkar, har ya zama kafin 1840 Birtaniya na da kusan mil 4,000 na hanyoyin ruwa da jirage ke bi, haƙaƙƙu da kogunan da aka gyara.

Siffar jirgin kuwa ƙasa ce ta tsara ta. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka duk inda kanal ya tarar da gangare sai a gina masa madatsa mai ƙofofi gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ruwa ko a rage, ya hau ko ya sauka, sannan a buɗe ya wuce. Domin a rage kuɗin gini da ɓarnar ruwa, an yi madatsun tsakiyar Ingila ƙanana, faɗinsu ya ɗan ɗara ƙafa bakwai, tsawonsu kamar ƙafa 72. Dole jirgi ya bi wannan awo: faɗi mita biyu da ɗan ɗoriya, tsawo kusan mita 21. Wannan awon da aka yanke tun zamanin Brindley shi ne har yau ke ƙayyade faɗin gadon da mai zaman jirgi zai kwanta a kai.

A cikin wannan dabara aka binne raunin da zai addabi harkar shekara ɗari biyu. Kogi na gudu, kuma ruwa mai gudu ba ya saurin daskarewa. Kanal kuwa kwance yake kamar tafki, zurfinsa bai cika wuce ƙafa huɗu ko biyar ba. Dare biyu ko uku na matsanancin ɗari sun isa su mayar da samansa faifan ƙanƙara. Mai karatun da sanyin da ya sani shi ne na hunturun Kano ko Damagaram, wanda ke fasa leɓe ya hana wankan asuba, sai ya ƙiyasta sanyin da ke mayar da ruwan randa dutse, ya sandarar da igiya har ta ƙi lanƙwasuwa. To, a daidai wannan lokaci ne birane suka fi bukatar kwal, farashinsa ke tashi, 'yan kasuwa ke matsa lamba a kawo musu. Hanyar da aka gina domin kai makamashin ɗumama gidaje ita ce ke rufewa ranar da gidajen suka fi jin sanyi.

A farkon lamari matuƙan jiragen maza ne masu samun abin rufin asiri, iyalansu na zaune a gidaje a tudu. Jirgin ƙasa ne ya sauya wannan. Tun daga buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a 1830, kamfanonin kanal suka shiga rage kuɗin dako domin su riƙe kasuwa, ragin kuma a kan matuƙi yake ƙarewa. Mutumin da ba zai iya biyan hayar gida da ladan yaron jirgi ba, sai ya sallami yaron, ya saki gidan, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa zuwa cikin jirgi. Matar ta kama sitiyari, yara su kora doki su buɗe madatsu, duk ba tare da an biya su ko kwabo ba. Ba kowane jirgi ne ya zama na iyali ba, musamman a gajerun hanyoyin kewayen Birmingham inda ake zuwa a dawo a yini guda. Amma a dogayen hanyoyi, irin wadda ta haɗa Landan da tsakiyar ƙasar, an samu al'umma sukutum da ake haifa a kan ruwa, a yi aure a kan ruwa, ba ta da wani adireshi sai sunan jirgi.

Ɗakin da suke zaune a ciki yana can ƙarshen jirgin ta baya, domin sauran wurin duk na kaya ne. Tsawonsa bai kai mita uku ba, dogon mutum ba ya miƙewa tsaye a ciki. Da an sauko, akwatin kwal shi ne matakala. A hagu akwai ɗan murhun ƙarfe mai tanda, kusa da shi kabad wanda murfinsa ke saukowa ya zama teburin cin abinci, can ciki kuma wani murfin ya sauko ya zama gadon miji da mata a gicciye. Bencin da ke dama shi ne makwancin yara. Ruwan sha na cikin wani bokitin ƙarfe mai murfi da ake ajiyewa a kan rufi kusa da bututun hayaƙi. Matan jirgi sun shahara da ƙawata wannan ɗan ƙuƙumin wuri: farantan tangaran masu baki kamar leshi rataye a bango, tagulla da ake gogewa kullum har tana ɗaukar ido, da zanen furanni da gidajen sarauta a jikin ƙofofi. Mutanen tudu na yi musu kallon ƙazamai marasa tarbiyya, su kuwa da ƙyallin tagulla suke mayar da martani.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, ɗakin kansa ba shi da sanyi. Wuri ne ƙarami, murhu na ci dare da rana, kwal kuma ga shi tan-tan a gaba, kuma ba a cika samun matuƙin da ke sayen na girkinsa ba alhali yana zaune a kan na wasu. Matsalar ɗakin ita ce zafi da tururi da cunkoso. Numfashin mutum biyar ko shida da tururin tukunya su taru a jikin katako su riƙa ɗiga, tufafin da suka jiƙe ba su da wurin shanya sai saman murhu, kuɗin cizo kuma ya samu mafaka, har sai an fitar da kowa an toshe kafofi an turara farar wuta. Sanyin yana waje, a wurin aiki, kuma aikin duk a waje yake.

A ƙarshen Disamba hasken rana a Landan bai kai awa takwas ba, su kuwa masu jirgi kan tashi tun kafin asuba su yi ta tafiya har dare, saboda haka rabin aikinsu cikin duhu ake yi. Mai riƙe da sitiyari ya fi kowa sa'a, domin yakan tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ƙafafunsa na shan ɗumin murhu, ƙirjinsa da fuskarsa na shan iska. Wanda ke bin doki a turbar gaɓa, sau da yawa yaro ɗan shekara takwas ko goma, shi ke taka laka da ƙanƙara mil bayan mil. Mafi haɗari shi ne madatsa. Ana tsallaka ta ne ta kan wani siririn katako da ke jikin ƙofa, a duhu, katakon na santsi, ƙasa kuma rami ne mai zurfi cike da ruwan da ke sandarar da jiki cikin 'yan mintoci. Yawancin mutanen jirgi ba su iya iyo ba. Nutsewa, musamman ta yara, abu ne da kusan kowane dangi ya ɗanɗana.

Idan ƙanƙara ta fara kamawa, kamfanin da ke da kanal ɗin kan fito da jirgin fasa ta. Gajeren jirgi ne mai zagayayyen ciki, an lulluɓe shi da ƙarfe, an kafa wani dogon ƙarfen riƙo a tsakiyarsa. Ƙarti su jeru gefe biyu su kama ƙarfen, a ɗaura dawakai masu yawa, wani lokaci fiye da goma, a sake su da gudu, mutanen kuma su riƙa jijjiga jirgin dama da hagu da iyakar ƙarfinsu. Jirgin ya hau kan ƙanƙarar ya farfasa ta da nauyinsa, igiyar ruwan da jijjigar ta tayar kuma ta ƙarasa tsattsaga ta zuwa gaɓa. A bayansa jiragen kaya ke jeruwa, kowa na hanƙoron ya bi kafin hanyar ta sake haɗewa. Amma ɓaraguzan ƙanƙara na da kaifi, suna cin katakon jirgi, suna kuma taruwa a bayan ƙofofin madatsa su hana su buɗewa sosai. Jirgin da tsakaninsa da bangon madatsa bai wuce 'yan inci ba, ƙofa ta ƙi buɗewa kaɗan ma ya isa ya tsayar da shi. Idan ɗarin ya ɗore, kaurin ƙanƙarar ya kai inda dawakai ba su iya komai, sai kowa ya ɗaure jirginsa a inda dare ya same shi, ko kusa da gari ne ko a tsakiyar gonaki.

Nan ne asalin bala'in yake, domin ba albashin wata ake biyan matuƙi ba. Ana biyansa ne bisa yawan tan da nisan tafiya, bayan ya sauke kaya. Jirgin da bai motsa ba bai samu komai ba. Wasu manyan kamfanoni kan ba da ɗan abin riƙon ƙwarya, ko rancen da za a zare daga ladan gaba. Wanda kuwa jirgin nasa ne na kansa, ba shi da wanda zai kai wa kuka, ga doki da ba ya aiki amma sai ya ci. Iyalin da dama hannu baka hannu ƙwarya suke, mako uku na tsayuwa ya isa ya kai agogo da zoben aure wurin mai karɓar jingina. Maza kan nemi aikin share dusar ƙanƙara ko shiga ayarin masu jijjiga jirgin fasawa, a kuma ɗana wa zomayen gonakin masu ƙasa tarko da dare, abin da doka ta hana amma yunwa ta halatta. A lokacin babban ɗarin farkon 1895, wanda ya rufe hanyoyin ruwa makonni da dama, sai da masu taimako suka riƙa dafa miya a manyan tukwane suna rabawa a garuruwa. Kowane irin wannan ɗari kuma kan bar tabo na dindindin: ɗan kasuwar da ya koma wa jirgin ƙasa domin kanal ya daskare, ba kullum yake dawowa ba bayan ruwa ya narke.

Akwai dai wanda ƙanƙarar ta yi wa rana. Carlo Gatti, ɗan asalin yankin masu jin Italiyanci na Suwizalan, ya samu izinin yankar ƙanƙara daga kanal ɗin Regent a Landan yana adanawa domin sana'ar askirim, daga baya ya koma shigo da ita daga Norway, jirage na kai masa ita rijiyoyin ajiya kusa da King's Cross. Ginin nan ne yau gidan tarihin kanal na Landan.

A tsakiyar wannan hali Kirsimeti ke zuwa, kuma ya kamata a lura cewa bikin da ake gani yau, da bishiyarsa da katinsa da tarin kyaututtukansa, ya kafu ne a daidai shekarun da iyalai ke komawa cikin jirage. A 1843 aka buga katin Kirsimeti na farko na sayarwa a Landan, a shekarar ce kuma Charles Dickens ya fitar da shahararren labarinsa na Kirsimeti. A 1848 wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da bishiya mai ado, masu hali suka ɗauka. A 1871 doka ta mayar da washegarin Kirsimeti ranar hutu. Biki ne na gida: falo, murhu mai ci bal-bal, dogon teburi, dangi a kewaye. Wutar murhun nan, a garuruwa da yawa, mutanen da ba su da falo ne suka kawo ta.

Nasu bikin ya ta'allaƙa ne ga abu guda, wato inda za a ɗaure jirgi. Mutanen kanal dangin juna ne, domin a tsakaninsu suke aure, amma ɗan'uwa kan yi watanni bai zauna da ɗan'uwansa ba. Iyakarsu su gitta wa juna a kan ruwa, a ɗaga murya a tambayi lafiya da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, kafin tazara ta raba su. Kirsimeti na cikin 'yan ranakun da harka ke tsayawa gaba ɗaya, saboda haka tun makonni kafin ranar ake lissafin lodi da tafiya yadda za a iske dangi a ɗaya daga cikin matattarar da aka saba: Braunston a yankin Northampton, ko mahaɗar Hawkesbury kusa da Coventry wadda su suke kira Sutton Stop, ko Bulls Bridge da Brentford a yammacin Landan. Wanda ƙanƙara ta riga shi, sai ya yi bikinsa shi da matarsa da 'ya'yansa a inda ya maƙale. Wanda ya isa kuwa, jirage su jeru gefe da gefe, yara su riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan, kowace tanda ta gasa abin da ya samu, da dare a cika mashayar bakin ruwa da kiɗa da waƙa da rawar buga ƙafa. Talakawan Ingila na wancan zamani kan ɗaura aure ranar Kirsimeti saboda ita ce ranar da ba a aiki, dalilin kuma ya fi ƙarfi ga mutanen da ba su taruwa sai ranar. Cocin Braunston ya ga aure da baftisma da jana'izar mutanen jirgi da yawa, har ana yi masa laƙabi da babban cocin hanyoyin ruwa.

Duk abin da aka kashe a wannan rana, an kashe shi ne da sanin cewa Janairu da Fabrairu na tafe. Masu wa'azin tattali daga tudu sun sha zargin mutanen jirgi da almubazzaranci, amma wanda ya san ba za a sake taruwa ba sai baɗi, kuma ba tabbas kowa zai kai, nasa lissafin dabam ne.

Mutanen tudu da suka damu da su iri biyu ne, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya kan haɗa duka: masu son taimako da masu son gyara. George Smith na Coalville, wanda shi kansa ya yi aikin bulo tun yana ƙaramin yaro, ya wallafa littafi a 1875 kan halin da mutanen kanal ke ciki, ya yi ta matsa wa majalisa har ta yi dokar jiragen kanal a 1877, ta ƙarfafa ta a 1884. Dokar ta wajabta rajistar duk jirgin da ake kwana a ciki, ta ƙayyade yawan mutanen da ɗaki zai ɗauka, ta kawo masu duba tsabta, ta kuma ce a sa yara makaranta. Smith ya yi iƙirarin cewa mutum 100,000 ne ke wannan rayuwa, alhali ƙidayar 1881 ba ta samu ko dubu goma da suka kwana a jirage daren ƙidayar ba. Ya kuma siffanta su da maguzanci da lalata fiye da kima, abin da ya daɗe yana yi musu ciwo. Duk da haka, ba don naci irin nasa ba da majalisa ba ta waiwaye su ba.

Batun makaranta ya fi sauƙi a takarda. Yaron da yau yana Landan, jibi yana Birmingham, sai dai ya leƙa aji rabin yini yayin da ake lodi, a sa masa hannu a littafin halarta, ya koma. Sau da yawa zaman makaranta mafi tsawo da zai samu a shekara shi ne lokacin da ƙanƙara ta kama jirgin kusa da gari, wato makonnin da iyayensa ba su da abin saya masa takalmi. 'Yan mishan sun cike wani giɓin. A Brentford an gina wa mutanen jirgi cibiya a 1904 mai aji da ɗakin haihuwa, kuma a irin waɗannan cibiyoyi ne ake shirya wa yara walimar Kirsimeti, da shayi da kek da 'yar kyauta da tufafin gwanjo. A ƙauyen Stoke Bruerne kuwa akwai Mary Ward, wadda ta shafe shekaru da dama tana jinyar su da karɓar haihuwarsu da karanta musu wasiƙu, domin yawancinsu ba su iya karatu ba. Sun amince da ita fiye da kowane likita, gwamnati kuma ta ba ta lambar yabo a 1951.

Shigowar injin dizal a farkon ƙarni na 20 ya rage wahalar doki, ya ba iyali damar tafiya da jirage biyu, mai inji na jan maras inji, da kaya kusan tan 50 da ɗakin kwana biyu. Bai dai yi maganin ƙanƙara ba. Ɗarin 1947, wanda ya jefa ƙasar cikin ƙarancin kwal da ɗauke wutar lantarki, ya sake tsayar da jirage makonni. A 1948 gwamnati ta karɓe yawancin hanyoyin ruwa tare da jiragen ƙasa. Daga nan kasuwa ta yi ta zaizayewa: dokar tsabtace iska ta 1956 ta rage ƙona kwal a birane, masana'antu suka koma wa mai, babbar hanyar mota ta M1 da aka buɗe a 1959 ta bi kusan layi ɗaya da kanal ɗin da ya haɗa Landan da Birmingham, manyan motoci na yin tafiyar kwanaki cikin awoyi.

Sai washegarin Kirsimeti na 1962 dusar ƙanƙara ta sauko. Iyalan da suka taru domin biki, da yawansu ba su sake kwance igiya ba sai a watan Maris, domin hunturun nan shi ne mafi tsanani da Ingila ta gani tun 1740. Ranar 1 ga Janairu 1963, jirage na daskare, sabuwar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Birtaniya ta fara aiki, kuma a cikin shekarar ta yanke shawarar janye hannu daga yawancin dakon siraran jirage. An saba cewa ɗarin 1963 ne ya kashe sana'ar. Gaskiyar ita ce faɗuwa ce ta zo daidai da zama: harkar ta daɗe tana asara, ƙanƙarar ta ba masu sayen kaya dalilin komawa mota, ta kuma ba hukuma hujjar da take nema. Wasu 'yan kamfanoni sun ci gaba da jan ƙafa, har dakon kwal na ƙarshe mai dogon zango, zuwa wata masana'antar jam a Southall, ya tsaya a 1970. Iyalan suka watse cikin gidajen gwamnati a garuruwan bakin ruwa, tsofaffin da ba su taɓa kwana a bene ba suka koyi zama tsakanin bango huɗu da ba ya motsi.

Hanyoyin ruwan kansu wasu mutane dabam ne suka cece su. Littafin da L. T. C. Rolt ya fitar a 1944 kan yawon da ya yi a jirginsa ya tayar da sha'awar masu ilimi da 'yan boko, a 1946 shi da Robert Aickman suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa, dokar sufuri ta 1968 kuma ta amince da shaƙatawa a matsayin dalilin ci gaba da kula da su. Daga wannan zamani ne hoton kalanda ya samo asali. Furanni da tagullar da matan jirgi suka yi amfani da su wajen kare mutuncinsu sun zama kayan ado na jiragen hutu.

Yau wata gidauniya da aka kafa a 2012 ke kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, kuma an sake samun dubban mutane da jirgi ne gidansu. Wasu sha'awa ce ta kai su, wasu kuwa, musamman a Landan, tsadar haya ce ta koro su, kamar yadda ta koro matuƙan 1840. Wanda ba shi da matsaya ta dindindin, doka ta ce kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, sai dai ya sayi izinin zaman hunturu. Jiragen yanzu na ƙarfe ne, ɗaki ya mamaye tsawon jirgin duka, amma hunturu bai sauya hali ba. Famfon gaɓa kan daskare a rasa inda za a cika tanki, faifan sola ba ya kawo abin kirki a Disamba, ba a yarda a kunna inji domin cajin batir bayan ƙarfe takwas na dare ba, tururi na ɗiga daga tagogi, hayaƙin murhu kuma na iya kisa cikin barci, abin da ya sa tun 2019 aka wajabta na'urar gargaɗi a jiragen. A watannin nan ne kuma ake rufe madatsu domin gyara, don haka mai son ya yi Kirsimeti kusa da danginsa sai ya duba jadawalin rufewa tun kaka, ya lissafa tafiyarsa.

Kwal ɗin da suke ƙonawa kuwa, da yawansu daga ruwa suke sayensa. Akwai 'yan tsirarun 'yan kasuwa da ke yawo da tsofaffin jiragen dako, wasunsu an ƙera su tun shekarun 1930, maƙare da buhunan kwal da tukwanen gas da man dizal, suna bin layin jiragen da ke ɗaure suna saukewa a kan rufi, ko mai jirgin na nan ko ya tafi aiki. Makonnin da ke gaban Kirsimeti su ne kakarsu. Su ma idan ruwa ya daskare tsayawa suke yi, masu jiran su kuma su ɗauki baro su nufi gari.